Tsakanin Rufin Asiri da Ha'inci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Yari, bisa hanyar Zariya zuwa Kano, ya zuba wa motocin da ke ratsewa zuwa Makarfi ido, ko kuwa ya zauna a tashar Ikara ko ta Hunkuyi ran kasuwa, lalle ya ga wani abu da ya zama ruwan dare ga tsofaffin ƙananan motoci. Gefen motar yana nan da ɗan sauran ƙyallinsa, amma rufinta da murfin injinta da na but sun yi fari-fari, dabbare-dabbare, kamar jikin da ƙyasfi ya kama. In an matsa kusa sai a ga wata siririyar fata tana saɓulewa kamar ɓawon albasa, ta bar launin da ke ƙarƙashinta a dushe. Injin yana iya zama lafiya lau, motar kuma tana kai kaya Kano ta komo kullum, amma mai ita ba ya son a dubi samanta.

Wannan abu ƙarami ne a ido, amma yana ɗauke da wata tambaya wadda ta girmi mota nesa ba kusa ba. Hausawa suna girmama rufin asiri, har in mutum zai yi wa ɗan'uwansa addu'a mai kyau sai ya ce Allah ya rufa asiri. Hausawan nan dai kuma suna ƙyamar ha'inci da algus, suna zargin mai yinsu. Alhali kuwa a zahiri aiki ɗaya mai rufin asiri da mai ha'inci suke yi, watau kowannensu yana ɓoye aibi ne kada idon jama'a ya gan shi. To, ina iyakar da ta raba su? Yaushe lulluɓe aibi yake zama mutunci, yaushe kuma yake zama zalunci? Tsohuwar motar da fentinta ya saɓule ta isa a auna wannan magana da ita, sai dai kafin a kai ga hukunci ya kamata a san ciwon tukuna.

Da can fentin mota riga ɗaya ce, launi da ƙyalli duk a haɗe. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford na Amurka baƙin fenti kaɗai yake yi wa motarsa mai suna Model T. A 1924 aka fara fitar da motoci da wani fenti na kamfanin DuPont mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe nan da nan, daga nan launuka suka yawaita. Yawancin motocin da aka sani a ƙasar Zazzau sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 irin wannan riga ɗayar gare su. In rana ta doke ta sai ta koɗe, ta yi gari kamar alli, amma in aka goge ta da man goge fenti sai sabon launi ya fito daga ƙasa. Daga shekarun 1980 sai masu ƙera motoci suka koma wata dabara, wadda ita ce a jikin kusan duk motar da ake gani yau.

Ga yadda dabarar take. Bisa ƙarfen akwai shimfiɗar da ke tsare shi daga tsatsa, da wata mai daidaita jiki don fenti ya kama. Sa'an nan a fesa launi, ja ko shuɗi ko ruwan azurfa, wanda shi kaɗai ba shi da ƙyalli, ba ya kuwa jure rana. A bisansa sai a fesa wani irin banish garai-garai marar launi, shi ne fatar ƙyallin nan da ke saɓulewa. Duka shimfiɗun nan in an haɗa su kaurinsu bai fi na takardar rubutu ba sai kaɗan, ita kuwa fatar ƙyallin kamar a raba milimita ɗaya gida 20 ne a ɗauki ɗaya. Da wannan ɗan abu, wanda bai kai kaurin silin gashi ba, aka ce mota ta tari rana shekara da shekaru.

A cikin hasken rana akwai wani sashe wanda ido ba ya gani, shi ne ke koɗar da zane in ya daɗe a shanya. An zuba wa fatar ƙyalli maganin da zai riƙa tare shi, amma maganin yana ƙarewa a hankali. In ya ƙare sai fatar ta dushe, ta yi hazo, ta tsattsage, kana ta rabu da launin da ke ƙarƙashinta. Dalilin da ya sa rufi da murfin inji suke fara lalacewa ke nan, don su ne ke kallon sama. Ikara da Makarfi da Kudan kuwa suna inda rana kan tsaya daidai tsakar ka a watan Afrilu da na Agusta. Motocin da ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam sun riga sun ci rabin shekarunsu a Turai kafin su iso, suka zo suka tarar da ranar da ba su saba da ita ba. Bugu da ƙari ga ƙurar hunturu, wadda yaron mota ke sharewa da busasshen tsumma yana kartar fenti bai sani ba. Ga wanki da sabulun gari mai kaifi, ga kashin tsuntsaye a gindin darbejiya, ga igiyar da ake ɗaure rake da kwandunan tumatir da ita a bisa rufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar fatar ta buɗe a wuri ɗaya, ruwa da ƙura suna bi ta ƙarƙashinta suna ɗaga sauran.

Maganin ciwon ya danganta ga inda ya kai. Muddin fatar dushewa kawai ta yi, ba ta fara ɓarewa ba, man goge fenti yana iya komo da ƙyallinta, in kuma aka riƙa shafa mata kakin mota, ana ajiye ta a inuwa, za ta ƙara shekaru. Amma in ta fara saɓulewa, babu man da zai mai da ita, don abin da ya rabu da jiki ba ya komawa da shafa. Sai dai a gurje wurin da samfefa har a kai inda fentin yake kame sosai, a kankare tsatsa in akwai, a sake shimfiɗa, a fesa launi, a fesa sabuwar fata, a yi wa murfin ko rufin gaba ɗaya. Wannan aiki yana cin kwanaki, yana cin kuɗi. Akwai kuma hanyar gaggawa, ita ce a shafe wurin da mai, ko a fesa sabon banish bisa wanda ke ɓarewa ba tare da an gurje ba. Ran nan motar za ta yi walƙiya kamar amarya. In an shafa mai ne, wanki ɗaya ko biyu ya tafi. In feshi ne, zai iya ɗaukar watanni kafin tsohuwar fatar ta ci gaba da ɓarewa ta tafi da sabuwar.

To, a misalta da mutum uku, kowanne da irin wannan mota. Na farko manomin rake ne a ƙasar Makarfi. Ya dubi motarsa ya ce shi bai ga abin gyara ba, tun da tana tashi tana kai shi inda ya nufa, kuma kuɗin fenti gara ya sayi taki da su. Mutane da yawa za su yaba masa, su ce ba shi da ƙarya. A wani gefen suna da gaskiya, domin wanda birkinsa ba ya kamawa, ko tayarsa ta cinye, ko gidansa babu hatsi, in ya kai kuɗinsa wurin mai fenti ya yi wauta, har ma ya yi wasa da rayukan fasinja. Birki da taya su ne gaba da fenti a kowane hali.

Amma akwai abin da ya kamata manomin nan ya tuna. Kowane magidanci ya san dalilin da ake yi wa ginin ƙasa yaɓe kafin damina, da dalilin da magina na da suke shafa makuba da laso a bango. Kyan gani yana ciki, sai dai babban aikin yaɓe shi ne tsare katanga daga ruwa. Haka fenti yake ga ƙarfe. In fatar ƙyalli ta tafi, launi zai biyo ta, shimfiɗa ta biyo launi, daga nan sai tsatsa ta kama rufi ta huda shi, ruwa ya riƙa zuba a kan wanda ke ciki. Saboda haka wanda yake da hali ya ƙi gyarawa, yana kiran abin nan tawali'u, sau da yawa sakaci ne ya sa masa suna mai daɗi. Dukiya amana ce a hannun mai ita, barinta ta lalace da gangan kuwa wani nau'i ne na almubazzaranci. Ko bai iya sabon fenti ba, ya iya inuwa, ya iya tamfol, ya iya wanke ƙura da ruwa kafin a sa tsumma.

Na biyu tsohon malamin makaranta ne a Ikara, ya yi ritaya, motar nan ita ce kaɗai abin da ya fita da shi daga aikin shekara talatin da biyar. Da ita yake zuwa masallacin Juma'a, da ita yake zuwa ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. Ba shi da kuɗin gyaran gaske, saboda haka ya sa aka yi masa feshi mai araha, ya kuwa san ba zai daɗe ba. Shin ya yi ƙarya? Wani zai ce i, tun da motar tana nuna wadatar da babu ita. Amma a duba da kyau, wa ya yi asara? Wanda ya gan shi a hanya bai rasa ko kwabo ba. Halinsa ɗaya da magidancin da ke wanke tsohuwar babbar rigarsa, ya kai ta a buga, ya sa ran salla, don kada maƙwabta su gane shekarar ta yi masa tsanani. Wannan shi ne rufin asiri na ainihi, kuma abin yabo ne, domin mutum ya ɗauki nauyin talaucinsa shi kaɗai, bai aza wa kowa ba. In an yi masa gargaɗi, iyaka a ce masa araha ba ta ado, kada kuma ya ci bashi don a gan shi.

Na uku shi ne mai niyyar sayarwa. Motarsa ta taɓa karo, tsatsa kuma ta ci gindin ƙofofinta tun daga gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi. Ya kai ta gareji ya ce a yi masa aikin kasuwa. Aka cusa fila a ramukan tsatsa ba a kankare ba, aka fesa launi, aka fesa banish bisa tsohon da ke ɓarewa, aka wanke injin aka shafe tayoyi da baƙin mai. Kayan aikin da aka yi wa tsohon malami da su, su aka yi wa wannan da su, watakila ma hannu ɗaya ne ya yi feshin.

Sai ga wani saurayi daga ƙauyukan Kudan, ya yi noman rani shekara uku yana tara kuɗin tumatir da attaruhu, ya sayar da bijiminsa ya cika, yana so ya sayi motar haya ya riƙa ciyar da iyayensa. Ya zo ya ga walƙiya, dillali ya ce masa mai ita bai daɗe da kawo ta ba, ya biya kuɗin mota mai lafiya. Kafin damina ta fita fenti ya kumbura, fila ta tsage ta faɗo, ramuka suka buɗe baki. In ya so sayarwa ba zai sami kusa da abin da ya biya ba. Asarar nan tana nan tun fil azal a jikin motar, tun tana hannun mai ita na farko. Abin da feshin ya yi shi ne ya ɗauke ta daga aljihun wanda ya san da ita, ya sa ta a aljihun wanda bai sani ba. A nan iyakar take. Lulluɓin da nauyinsa ya tsaya a kan mai yinsa rufin asiri ne. Lulluɓin da aka yi don wani ya biya ba da saninsa ba ha'inci ne, ko da launin fentin ɗaya ne.

Shari'a ta riga ta yanke wannan magana tun ba a san mota ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan rashin sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Abin lura a nan shi ne ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, ɓoyewar aka hana. Haka kuma an hana a bar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki ba a tatsa ba don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa, ko ya riƙe ta ko ya mayar haɗe da sa'i ɗaya na dabino. Cikakkiyar hantsa ran kasuwa da motar da aka shafe da mai ran ciniki uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai ko'ina cikin ƙasar Hausa, ta kawo hanin ɓoye aibi a babin ciniki, ta kuma ba wanda ya tarar da aibi bayan saye ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Ma'aunin da malaman fiƙihu suka kafa mai sauƙi ne: duk abin da in an faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko ya rage farashi, to, wajibi ne a faɗa.

Mai sayarwa ba zai rasa ta cewa ba. Zai ce mai saye yana da ido, don me bai duba ba? Amsa ita ce aikin nan an yi shi ne musamman don ido ya kasa, saboda haka wanda ya rufe wa mutum ido ba shi ne zai zarge shi da rashin gani ba. Zai ce kowa haka yake yi, shi ma haka aka yi masa. Wannan kuwa ita ce babbar ɓarnar, domin in kowa ya ɗauka sabon fenti alamar ɓoye wani abu ne, sai mai gaskiyar da ya yi gyara na ainihi ya rasa kuɗin gyaransa, kasuwa ta koma wurin da ba a yarda da kowa ba. Zai ce to, ashe ba a yi wa kaya ado don sayarwa ke nan? Ana yi mana. Mai doki yana wanke dokinsa, mai mazarƙwaila yana jera kayansa kyau da kyau, babu laifi. Haka mai mota ya iya wanke ta, ya iya ma sake mata fenti tun daga ƙasa, ya nemi ribarsa. Abin da ake bukata gare shi 'yan kalmomi ne: an sake fenti lokaci kaza, akwai fila a wuri kaza, ta taɓa karo ta gefe kaza. In ya ji tsoron faɗin waɗannan don kada farashi ya sauka, to, ya riga ya shaida wa kansa cewa ƙarin da yake nema kuɗin aibi ne.

Mai fenti da dillali su ma suna da rabonsu. Mai fenti ma'aikaci ne mai wahala, yana wuni cikin ƙura yana shaƙar tururin da ke cutar da huhu, musamman na banish ɗin nan da ake haɗawa da maganin sandarewa, shi ya sa bai kamata ya fesa ba sai da kariyar hanci ta ƙwarai. Ba a aza masa laifin duk abin da mai mota ya yi da motarsa. Amma in an ce masa ƙiri-ƙiri a rufe tsatsa don a kai kasuwa, ya san inda aikin hannunsa zai faɗa, kuma in fentin ya ɓare sunansa za a kira. Shi kuwa dillali, amana ita ce jarinsa. La'adarsa daga ɓangare biyu take halatta, in ya zama bakin ɗaya kurum to ya ci haƙƙin ɗayan.

Mai saye kuma kada ya miƙe ƙafa don shari'a tana bayansa. Ya duba mota da rana tsaka, a bushe, kada ya yarda da wadda aka yi wa wanka yanzu-yanzu ko aka nuna masa da magariba. Ya buɗe ƙofa ya gwada launin ciki da na waje, ya dubi robar gilashi ko feshi ya taɓa ta. Ya zo da ɗan maganaɗisu ya bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa bisa ƙarfe akwai fila mai kauri. Ya tafi da makanike nasa, ya kuma tambayi mai ita baki da baki a gaban shaidu, domin wanda ya yi shiru a kan aibi sau da yawa ba ya iya rantsewa a kansa.

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar biki suke nufi, amma maganar ta zauna daidai ga ranar da ke sama, domin ita ce ke fara ɓare fatar ƙyalli, ita ce kuma ke tona wanda ya fesa sabo bisa ruɓaɓɓe. Ikara da Makarfi da Kudan ba su da nisa da juna, kasuwanninsu ɗaya, aurensu ɗaya, motar da aka sayar yau gobe za ta bi ta ƙofar gidan wanda ya sayar da ita, kowa kuma ya san daga hannun da ta fito. Wanda ya sayar da tsohuwar motarsa da dabbare-dabbarenta a fili ya karɓi kuɗi kaɗan, amma in ya gamu da mai sayen a masallaci zai miƙa masa hannu ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Allah ya rufa wa kowa asiri, ya kuma tsare shi daga rufe nasa da dukiyar ɗan'uwansa, amin.